Yadda mai ƙaramin guzuri zai zaɓi abin hawa idan zai ratsa babbar ƙasa

Wanda ya saɓa jakar goyo da niyyar zaga ƙasa mai faɗi irin Indiya, Sin, Rasha, Brazil ko Ostireliya, kuɗinsa gida uku suke tafiya: abin hawa, wurin kwana da abinci. Na kwana da na abinci ana iya ƙiyasta su tun kafin a bar gida, domin ba su cika sauyawa daga yau zuwa gobe ba. Na abin hawa shi ne mai shammatar mutum. Zaɓi ɗaya da aka yi cikin gaggawa yana iya cinye abin da aka ware wa mako guda, kuma galibi wanda ya yi zaɓin gani yake ya ci arha, don kuwa kuɗin da ke rubuce a jikin tikiti kawai ya duba.

Lissafin da ya dace a yi yana farawa ne daga ƙofar masaukin da za ka bari, ya ƙare a ƙofar wanda za ka sauka. A cikinsa ana haɗa kuɗin da zai fita, da sa'o'in da za su tafi, da kuma halin da jiki zai iso.

Ga misali da alƙaluma na ƙiyasi, ko da wane irin kuɗi ne. Mu ce kwana ɗaya a masauki mai arha 10 ne, kuma za ka yi tafiyar kilomita 900. Tikitin jirgin sama 30, gado a jirgin ƙasa na dare 45. Da kallo ɗaya jirgin sama ya fi sauƙi. To amma jakarka ta wuce nauyin da ake shiga da shi kyauta, sai ka biya 15 na awon kaya. Zuwa filin jirgi 8, fitowa daga wancan filin zuwa cikin gari 8. Ka isa da yamma, dole ka biya 10 na kwana. Jimla 71. Shi kuwa jirgin ƙasa, tasharsa tana tsakiyar gari, zuwa da fitowa 4, jaka ba a auna ta, daren kuma a cikin tarago ka yi shi. Jimla 49. Akwai ranar da lissafin zai juya, jirgin saman ya fito da sauƙi da gaske, musamman ga mai ƙaramar jaka da ya sayi tikiti da wuri. Shi ya sa kowane zango sai an zauna an yi masa nasa lissafin.

Nisa da yanayin hanya

Taswirar babbar ƙasa tana ruɗar ido. Garuruwa biyu da suke kamar maƙwabta a fuskar waya suna iya zama tafiyar yini da kwana. Daga Mosko zuwa Vladivostok a gabashin Rasha layin dogo kilomita 9,289 ne, kusan mako guda a cikin jirgi. Daga Sydney zuwa Perth a Ostireliya kilomita 4,352 ne ta layin dogo. Ko a inda nisan bai kai haka ba, sa'o'i ake tambaya, domin kilomita kaɗai ba ta faɗin komai. Bas a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, idan aka haɗa da tsaye-tsaye, yakan yi kilomita 60 zuwa 70 a sa'a. A hanyar duwatsu mai kwane-kwane yana iya komawa 30 zuwa 40. Daga Lima zuwa Cusco a ƙasar Peru jirgin sama bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba, bas kuwa sai ya haura sa'o'i 20 saboda tsaunukan Andes.

A ƙa'idar da ta fi yin aiki, abin da bai kai kilomita 300 ba na bas ne ko jirgin ƙasa na rana, kuma ba ya buƙatar dogon tunani. Daga 500 zuwa kusan 1,200 nan ne tafiyar dare take da riba, domin sa'o'i 8 zuwa 14 sun yi daidai da dare ɗaya: ka shiga bayan cin abincin dare, ka sauka gari ya waye. Abin da ya haura 1,500 kuwa, a nan jirgin sama yake fara yin gaba, saboda tafiyar ƙasa ta zama kwana biyu ko fiye, kuma a cikin kwanakin nan ci za ka yi, sha za ka yi, ga kwanakin biza suna raguwa.

Jirgin ƙasa na dare

Inda layin dogo yake da ƙarfi, babu abin da ya fi gado a ƙaramin aji dacewa da mai ƙaramin guzuri. Dalilin a fili yake: mutum yana miƙe bayansa ya yi barci na gaske, yana iya tashi ya taka, akwai bayi a kowane tarago, tashoshi kuma galibi a cikin gari suke. Sai dai kowace ƙasa da tsarin ajinta, kuma a nan baƙo ya fi yin kuskure.

A Rasha ajin mai arha shi ne wanda suke kira platskart, tarago buɗaɗɗe mai gadaje 54 babu ƙofofi. Lamba mara ita ce gadon ƙasa, lamba cika gadon sama. Gadon ƙasa ɗaga shi ake yi, a ƙarƙashinsa akwai akwatin ajiye kaya, don haka wanda ya kwanta a kai ya kwanta a kan jakarsa, ba mai taɓa ta sai ya tashe shi. Lambobi 37 zuwa 54 su ne na gefen hanyar wucewa, kuma na ƙarshen tarago suna dab da bayi, inda ƙofa ba ta daina buɗewa da rufewa har asuba. Kowane tarago yana da tukunyar ruwan zafi kyauta, wanda hakan ke rage kuɗin abinci ƙwarai ga wanda ya riƙo kofi da cokali.

A Sin akwai kujera mai tauri, gado mai tauri da gado mai laushi. Sunan kada ya tsorata ka, gado mai tauri yana da katifa da bargo. Gadaje shida ne a kowane lungu, hawa uku-uku. Na can sama ya fi arha, amma ba a iya zama a miƙe a kansa. Na ƙasa ya fi tsada, kuma da rana na sama sukan sauko su zauna a bakinsa. Na tsakiya ne yawancin masu doguwar tafiya suke nema. Kujera mai tauri ta yi wa tafiyar sa'o'i huɗu ko biyar, amma kwana a kanta azaba ce da ba ta kai ɗan abin da aka rage ba. Ana fara sayar da tikiti kwana 15 kafin tafiya, da lambar fasfo ake saye, kuma da fasfon ake shiga tasha. Jiragen masu gudun tsiya suna cinye kilomita 1,318 da ke tsakanin Beijing da Shanghai cikin kamar sa'o'i huɗu da rabi, sai dai sun fi tsada, kuma a garuruwa da yawa sabbin tashoshinsu suna wajen gari. Gari ɗaya yana iya samun tashoshi uku ko huɗu masu suna kusan iri ɗaya, ta arewa, ta kudu, ta yamma. A karanta cikakken sunan tashar a jikin tikiti, domin zuwa tashar da ba ita ba yana cikin manyan dalilan da suke sa baƙo ya rasa jirgi.

Tsarin Indiya ya fi buƙatar bayani. Ajin Sleeper ba shi da na'urar sanyaya wuri kuma ba a ba da mayafi, ajin 3A yana da na'urar kuma ana ba da kayan shimfiɗa. Abin da ke rikita mutane shi ne biyan kuɗi ba ya nufin an sami gado. Tikiti yana iya fitowa da alamar CNF, wato an tabbatar da gadonka. Yana iya fitowa da RAC, wato za ka shiga jirgi amma ku biyu za ku raba gadon gefe ɗaya a zaune har sai wani ya fasa. Yana kuma iya fitowa da WL, wato kana layin jira. Tikitin intanet da ya tsaya a layin jira har aka fitar da jerin sunayen fasinjoji sokewa yake da kansa, a mayar maka da kuɗinka, kuma ba ka da izinin shiga da shi. Tun daga Nuwamban 2024 ana buɗe sayarwa kwana 60 kafin tafiya. Wanda ya makara yana da ƙofar Tatkal, gadajen da ake ɓoyewa sai ana gobe tashin jirgin: ƙarfe 10 na safe na azuzuwan sanyi, ƙarfe 11 na sauran, da ƙarin kuɗi, kuma a manyan layuka cikin 'yan mintoci suke ƙarewa. A watannin Disamba da Janairu hazo yakan rufe arewacin ƙasar, jirage su makara da sa'o'i masu yawa.

Ba ko'ina jirgin ƙasa yake da wannan daraja ba. A Brazil jiragen fasinja masu dogon zango 'yan kaɗan ne ƙwarai. A Amurka yawancin layukan da Amtrak, kamfanin jiragen fasinja na ƙasar, ke bi mallakar kamfanonin dakon kaya ne, shi ya sa makara ta zama ruwan dare a dogayen layuka, kuma ɗakin kwana a ciki ya fi ƙarfin mai tattali. A Ostireliya manyan jiragen da ke ratsa ƙasar sun koma na shaƙatawa masu tsada.

Bas

Bas yana zuwa inda layin dogo bai kai ba, yana tashi sau da yawa a rana, kuma a ranakun da ba na biki ba ana samun kujera ko da ana gobe tafiya. Wannan sassaucin shi ne babbar ribarsa ga wanda bai ɗaure kansa da jadawali ba. A Kudancin Amurka shi ne ƙashin bayan tafiya. A Ajantina ana sayar da semicama, kujerar da ke kwantawa rabi, da cama, mai faɗi wadda ke kwantawa sosai. A Brazil leito ne sunan ajin kwanciya. Idan tafiyar ta wuce sa'o'i 10, ƙarin kuɗin babbar kujera ya cancanci a biya shi. Wanda ya isa gari ƙafa a kumbure, wuya a sanƙare, yinin ranar barci zai yi, ga shi ya biya kuɗin masauki da abinci na ranar da bai ga komai a cikinta ba.

Kujerun tsakiya, tsakanin tayoyin gaba da na baya, su suka fi rashin girgiza. Na can baya suna kan inji da kusa da bayi, wani lokaci ma ba sa kwantawa. Na'urar sanyi a bas na dare takan yi ƙarfi ko da a ƙasa mai zafi, don haka rigar sanyi da safa su kasance a ƙaramar jakar da ke hannunka. Babbar jaka idan ta shiga ƙasan mota ba za ka sake ganinta ba sai an isa. A karɓi takardar shaidar kaya idan ana bayarwa, a adana ta tare da tikiti. Fasfo, kuɗi, waya, magunguna da caja ba sa shiga ƙasan mota, ba a kuma ɗora su a maratayin da ke saman kai a yi barci. A ƙirji ko a cinya ake riƙe su, igiyar jakar a naɗe da hannu. Idan an tsaya cin abinci, a ɗauki hoton lambar motar, domin a irin wuraren nan motoci biyar masu fenti ɗaya suna iya jeruwa, kuma ba kowane direba ne yake ƙirga fasinjoji kafin ya tashi ba.

A sayi tikiti a tagar kamfanin ko a shafinsa. Wanda ya tare ka a bakin tasha yana cewa motar da kake nema ta cika ko ta lalace, kamashonsa yake nema.

Sai maganar da ba a wasa da ita. Haɗarin mota ya fi na jirgin ƙasa da na jirgin sama nesa ba kusa ba, kuma ya fi tsanani da dare, a hanyar duwatsu, da lokacin ruwan sama. Kamfanin da ke sa direbobi biyu suna karɓar juna a doguwar tafiya ya fi wanda ke barin mutum ɗaya a kan sitiyari har wayewar gari, ko da kuɗinsa ya ɗara. Hanyar tsaunuka a yi ta da rana. Idan akwai bel a kujera a ɗaura shi, har a lokacin barci.

Lokacin isa shi ma abin dubawa ne. Bas da zai sauke ka ƙarfe 4 na asuba ya jefa ka cikin matsala: motocin cikin gari ba su fara aiki ba, tasi ta san ba ka da zaɓi, masaukai da yawa kuma ba sa ba da ɗaki sai bayan tsakar rana. Gara wanda ya tashi a makare ya isa ƙarfe 7.

Jirgin sama mai arha

Kamfanonin jiragen sama masu arha suna sayar da kujera kaɗai, sauran komai da kuɗinsa. A Asiya da Ostireliya da yawansu kilo 7 suke yarda a shiga da shi kyauta, alhali cikakkiyar jakar goyo takan kai kilo 12 zuwa 15. Kuɗin awon kaya idan aka biya shi tare da tikiti a intanet ya fi sauƙi, idan aka bari sai a filin jirgi yana iya ninkawa. Wasu kamfanonin ma suna cajin wanda bai yi rajistar shiga jirgi ta waya ba kafin ya zo. Igiyoyin jakar goyo sukan maƙale a na'urar jan kaya su tsinke, don haka a ɗaure su ko a saka jakar cikin babban buhu. Batirin ajiyar caji ba ya shiga kayan awo, a hannu ake riƙe shi, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce Wh 100, ma'aunin yawan cajin da batiri ke riƙewa. Wuƙa sai a kayan awo. Gwangwanin gas na girki kuwa ba ya hawa jirgi ta kowace hanya, sai a saya a can.

Jirgin sa'a ɗaya da rabi yakan ci sa'o'i biyar zuwa shida idan aka haɗa zuwa filin jirgi, jira, bincike, karɓar kaya da shiga gari. Tikiti mafi arha kuma galibi na ƙarfe 6 na safe ne ko na tsakar dare, lokacin da tasi kaɗai za ta kai ka.

Babban tarko shi ne haɗa jirage biyu da tikiti daban-daban. Idan na farko ya makara ka rasa na biyu, kamfanin na biyu ba ruwansa, sabon tikiti za ka saya a farashin ranar. Wasu shafukan sayar da tikiti suna nuna irin wannan haɗi kamar tafiya ɗaya ce, sai a ƙananan rubutu suke faɗin cewa kai za ka karɓi kayanka ka sake shiga. Idan ba makawa, a bar sa'o'i huɗu ko fiye a tsakani. Haka nan a yawancin kamfanoni, wanda ya tsallake zangon farko na tikiti mai zango biyu, sauran zangon sokewa suke.

Akwai kuma batun tsawo. Wanda ya tashi daga bakin teku ya dira a gari mai tsawon mita 3,400 kamar Cusco, jikinsa bai sami damar sabawa da ƙarancin iska ba. Ciwon kai, jiri da amai suna iya farawa daga mita 2,500 zuwa sama. A ware kwana ɗaya ko biyu na hutu bayan sauka, a kuma sa kuɗinsu cikin lissafi.

Hayar mota da jirgin ruwa

Hayar mota ba ta yi wa mutum ɗaya ba, amma mutum uku ko huɗu da za su raba kuɗin haya da na mai suna iya cin riba, musamman a Ostireliya, Kanada da yammacin Amurka, inda wuraren da ake son gani ba bas da ke zuwa. Kuɗaɗen da ke ɓuya su ne na ajiye mota a garin da ba a nan aka ɗauke ta ba, ƙarin da ake ɗora wa direban da bai kai shekara 25 ba, da ajiyar da ake riƙewa a katin banki. A karanta takardar inshora: da yawa ba sa biyan ɓarnar taya, gilashi, ƙasan mota, ko abin da ya faru a hanyar da ba kwalta. A ɗauki hoton kowane ƙarce kafin a tayar da mota. A binciki ko ƙasar tana neman lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. A hanyar Nullarbor ta kudancin Ostireliya akwai inda tazarar gidajen mai ta kusa kilomita 200, don haka ba a wuce gidan mai da rabin tanki, ba a tafiya babu ruwan sha na ajiya, ba a kuma tuƙi da magariba ko asuba saboda dabbobin da ke tsallaka hanya. Kamfanonin haya a can sukan nemi wanda zai mayar musu da mota wani gari a kuɗi kaɗan, amma kwanakin da suke bayarwa na tuƙi ne zalla, babu sararin yawo.

Jirgin ruwa shi ne hanya a yankin Amazon, inda tafiya tsakanin Belém da Manaus a Brazil takan ɗauki kwana huɗu zuwa biyar, fasinja kuma shi ke zuwa da ragar kwanciyarsa da igiyar ɗaure ta. Bin ruwa ya fi hawansa sauri. A tsibiran Indunusiya jiragen ruwan kamfanin Pelni suna da arha, sai dai wasu layukan ba kullum suke tashi ba, wanda ya rasa ɗaya zai daɗe yana jira.

Ɗinke zangon wuri guda

A fara da manyan tsallake biyu ko uku masu nisa, a saye su da wuri, domin su ne farashinsu ke hawa kuma gadajensu ke ƙarewa. Ƙananan zango a bar su a buɗe. Idan hali ya yi, a shiga ƙasar ta wani gari a fita ta wani, don kada a biya kuɗin komawa baya na dubban kilomitoci. Kada a jera dare biyu a kan hanya ba tare da kwana a gado a tsakani ba. Tikitin jumla na kwanaki, irin wanda ake cewa hau iya son ranka, a lissafa shi da tafiye-tafiyen da za a yi da gaske, a kuma duba ko sai an ƙara kuɗin ajiye kujera.

A duba kalandar ƙasar kafin a tsayar da rana. A Sin cunkoson sabuwar shekararsu kwana 40 yake ɗauka, ga kuma makon hutun farkon Oktoba. A Indiya kwanakin bikin Diwali gadaje sukan ƙare makonni kafin lokaci. A duba agogo ma: Rasha tana da shiyyoyin lokaci 11, Sin kuwa duk faɗinta agogo ɗaya take bi. Jirgin da aka rubuta 00:30 na ranar 12 ga wata, a daren 11 ake zuwa tasha, kuma mutane da yawa sun yi asarar tikiti a kan wannan.

Zango na ƙarshe, wanda zai kai ka garin da za ka hau jirgin komawa gida, shi ne wanda ba a yi masa tattali da lokaci. A isa garin kwana ɗaya cikakke kafin tashi, biyu idan lokacin hazo ne ko damina, ko kuma idan da jirgin ruwa za a zo. A kuma ware kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin abin hawa gaba ɗaya a wani wuri daban, a kati na biyu ko a tsabar kuɗi, don sayen tikitin gaggawa ranar da aka soke jirgi ko hanya ta yanke.